A Bi Ta Ƙofar Manhaja, Kada A Rubuta Cikin Rumbun Bayanai Kai Tsaye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu rubuta manhaja kan wani aiki da ake yawan ɗora musu, wato haɗa shirin da suka rubuta da harsunan kwamfuta irin su Python ko Java ko PHP da babbar manhajar da kamfani ke tafiyar da harkokinsa da ita, irin su SAP da Odoo da ERPNext.

Waɗannan manhajoji suna tara lissafin kuɗi da kayan sito da albashi da sunayen abokan ciniki a rumbun bayanai guda. Kowacce da irin rumbun da take amfani da shi: Odoo tana zaune a kan PostgreSQL, ERPNext galibi a kan MariaDB, ita kuwa S/4HANA da SAP ya fitar a 2015 a kan HANA take. Isa ga rumbun ba shi da wuya, domin akwai kayan aikin da ke haɗa shiri da rumbu: tun 1992 akwai ODBC na Microsoft, Java ta sami JDBC a 1997, mai Python kuma layuka kaɗan na psycopg2 sun ishe shi. Wannan sauƙin ne ke sa wasu su tura umarnin SQL, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, su cusa bayani kai tsaye, kuma a ganina babu kuskuren da ya fi shi tsada.

Dalili shi ne yawancin dokokin kasuwancin ba a cikin rumbun suke ba, a cikin manhajar suke. Idan aka tabbatar da takardar biyan kuɗi a Odoo, manhajar ce ke ba ta lamba a jere, ta lissafa haraji, ta tabbatar abin da aka rubuta a ɓangaren bashi ya yi daidai da na ɗaya ɓangaren, ta duba ko mai aikin yana da izini, sannan ta ajiye sunansa da lokacin. Wanda ya rubuta cikin jadawalin rumbun da hannunsa ya tsallake duk wannan, kuma ɓarnar ba ta bayyana sai ranar da akanta ya zo rufe lissafin wata, ko masu bincike suka nemi sanin wanda ya canza adadi. Ga shi kuma tsarin jadawalin kan sauya idan an sabunta manhajar, sai shirin ya tsaya cak.

Masu manhajojin sun tanadi ƙofa domin wannan aiki: SAP yana da BAPI da RFC da OData, ERPNext tana da REST, Odoo ma tana da tata hanyar karɓar kira daga waje. Bi ta nan ya ɗan fi jinkiri, amma kowane rubutu sai ya ratsa dokokin kafin ya zauna. Karatu domin haɗa rahoto kuwa ana iya yin sa daga rumbun, da sharaɗin a buɗe asusun da ba shi da ikon rubutu, zai fi kyau ma a kan kwafin rumbun, kuma kada a taɓa liƙa abin da mai amfani ya shigar cikin jimlar SQL, domin ta nan masu kutse ke shiga.

Su ma shugabannin kamfanoni su karanta yarjejeniyar lasisi kafin su ba da aikin, domin a 2017 wata babbar kotu a Ingila ta ba SAP gaskiya a kan kamfanin Diageo da ke amfani da manhajarsa, saboda mutanen da ke isa ga manhajar ta hanyar wani shiri da aka gina a kan manhajar wani kamfani mai suna Salesforce ba tare da an biya musu lasisi ba.

Naka mai karatu,
Wani mai rubuta manhaja