Zan tafi aikin jinya Ingila, amma lissafin kuɗin ya hana ni barci

Assalamu alaikum Hajiya. Da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki, Allah Ya saka miki da alheri bisa wannan fili.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Katsina, ina da aure da yara biyu, babban shekararsa shida, ƙaramar biyu. Allah Ya sa wani asibitin gwamnatin Ingila, a yankin Yorkshire, ya ɗauke ni aiki, kuma bizar ta kusa fitowa. Gida kowa murna yake. Ni kuwa tun da na zauna da biro da takarda jikina ya yi sanyi.

Albashin da aka rubuta min fam 31,049 ne a shekara, wato farkon mataki na 5 a tsarin albashin NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnatin ƙasar. Ƙanina ya buga shi a waya a kan naira dubu biyu kowane fam, ya ce Yaya ai kin fi miliyan sittin. Daga nan maganar ta zaga dangi. Abin da ba su sani ba, duk abin da ya haura fam 12,570 ana cire masa harajin kashi 20 cikin ɗari, ga inshorar ƙasa kashi 8, ga fansho. Abin da zai shigo hannuna a wata da ƙyar ya kai fam 2,000. Shi ma sai na ci jarrabawar OSCE, wato ta gwajin aikin jinya a aikace, hukumar NMC mai rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma a can ta yi min rajista. Kafin nan albashin mataimakiya za a riƙa ba ni. Jarrabawar kanta fam 794 ce. Asibitin ya ce zai biya ta farko, idan na faɗi ta biyun tana wuyana. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Masauki ne ya fi tayar min da hankali. Za su ba ni ɗaki na ɗan lokaci, daga nan kowa ya nemi nasa. A nan mun saba mutum ya biya haya shekara guda ya huta. Can duk wata ne, kuma kafin a ba ka mukulli sai ka ajiye kuɗin da ya kai hayar mako biyar, ka haɗa da hayar watan farko. Wata da muka yi makaranta tare, da ta riga ni tafiya, ta ce gida mai ɗaki biyu a unguwarsu yana cinye kusan rabin albashinta. Ban da harajin ƙaramar hukuma da ake ɗora wa kowane gida, ban da wuta da gas na ɗumama gida, wanda ta ce daga Nuwamba zuwa Maris ba ya kashuwa idan akwai yara. Har kallon talabijin sai da lasisi. Kuma irin bizarmu an rubuta a jikinta cewa ba mu da haƙƙi a tallafin gwamnati, ko na yara ko na haya.

Abu ɗaya da ya yi min sauƙi shi ne ma'aikatan lafiya ba sa biyan kuɗin kiwon lafiya na shekara-shekara da ake karɓa wurin sauran baƙi, mu da iyalanmu. Makarantar babban ma kyauta ce. Amma ƙaramar fa? Aikinmu na dare da rana ne, gidan raino kuma na ji kuɗinsa na iya kamo hayar gida.

To ga inda muka saɓa da maigidana. Shi yana ganin mu tafi gaba ɗaya, ya riƙa kula da yara har ya sami aiki, tunda bizar ta ba shi damar yi. Ya ce raba iyali ba alheri ba ne, kuma wallahi na san gaskiyarsa. Ni kuma ina ganin in fara tafiya ni kaɗai, in kama ɗaki a gidan haɗaka da mata, in ci jarrabawa, in tara kuɗin gida, sannan su biyo ni. Sai dai idan na tuna ƙaramar ko yaye ba ta daɗe da yi ba, sai in ji zuciyata ta karye. Kuɗin jirgin mutum huɗu kuma sai mun sayar da filin da muke da shi, alhali shi ne kaɗai madogararmu idan abin bai yiwu ba.

Ga bashi. Kuɗin jarrabawar Turanci da na takardu a wurin yayar mahaifiyata na ranta, na yi mata alkawarin biya da zarar na fara ɗaukar albashi. Ga Inna, wadda ni ke saya mata maganin hawan jini da na suga, wannan ko zan kwana da yunwa ba zan fasa ba. Amma yanzu har an fara kawo min kuɗin makarantar 'ya'yan 'yan'uwa da kayan ɗakin wata ƙanwarmu, tun ban taka jirgi ba. Ba rowa nake ji ba, Hajiya, su suka yi min tarbiyya. Tsoro nake in ɗauki alkawarin da zan kasa cikawa, a ce na je Turai na manta da gida.

Don Allah ki ba ni shawara. Mu sayar da filin mu tafi tare, ko in yi gaba su biyo baya? Kuɗin wata nawa ya kamata baƙo ya riƙe a hannu kafin ya sauka ƙasar da bai da kowa? Kuma da wane baki zan gaya wa manyana cewa shekarar farko, ban da maganin Inna da bashin da ke kaina, ba zan iya aiko da komai ba, ba tare da na ɓata zumunci ba? Idan a cikin masu sauraro akwai wadda ta bi wannan hanya da yara ƙanana, ina roƙon ta faɗa min yadda ta tsara nata.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

'Yarki, daga Katsina.