Rahoton Shekara na Kwamitin Tsara Makomar Ikilisiya

Zuwa ga Fasto, iyayenmu dattawa, Zumuntar Mata, Zumuntar Maza, matasa da dukan 'yan ikilisiya, muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

A farkon shekara majalisar dattawa ta ɗora wa wannan kwamiti aiki guda: a ji ta bakin jama'a, a fito da inda ikilisiya ta dosa nan da shekara 5, a rubuta shi yadda kowa zai iya riƙewa a ka.

Zaman farko an yi shi bayan sujada, kowa da kowa a majami'a, bai kuwa haifar da ɗa mai ido ba. Dattawa suka yi magana, saura suka amsa da amin. Mace ba za ta miƙe ta saɓa wa surukinta a bainar jama'a ba, saurayi ma ba zai gyara wa mahaifinsa zance ba. Sai aka raba zaman. Aka bi kowace ƙungiya a ranar taronta na mako: mata, maza, matasa, mawaƙa, 'yan Sabon Rai da malaman Makarantar Lahadi. Tambaya 3 aka yi, da baki, domin akwai iyayenmu da takarda za ta rufe musu baki. Me muke yi wanda bai kamata mu bari ba? Me muka yi sake da shi? Su wa ke kusa da mu da bishara ba ta kai gare su ba?

Buƙatu suka taru: motar bas, katanga, janareta, sabbin kayan kiɗa, makarantar firamare, gyaran gidan fasto. Babu ta banza a ciki, amma taura biyu ba ta taunuwa. Aka ajiye ƙwarya ga kowace buƙata a bayan labule, da hotonta a gefe, aka ba kowane mai baftisma ƙwayar masara 3 ya jefa inda zuciyarsa ta kwanta. Ƙwaryar da ta fi cika ita ce ta koyar da yara da karatun Littafi Mai Tsarki, sai ta aikin bishara, sai ta fili da ajujuwa. Daga nan aka ɗaure manufar cikin jimla ɗaya: mu zama ikilisiyar da kowane ɗanta ke karanta Maganar Allah da kansa, yana kuma kai ta ga maƙwabcinsa.

Karatu da yara

Tun 1932 aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu da yawa a kansa suka koyi baƙi. Yau ga yaranmu suna jin Hausa, suna waƙa da ita, amma a miƙa musu littafi su karanta aya a sujada sai su fara in-ina. Inda suka fi tuntuɓe shi ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma ts. An buɗe aji na minti 45 kowace Asabar da yamma, an raba yara gida 3 gwargwadon iyawarsu. Ajin manya ya fara da kyau, ya watse da saukar damina, domin an sa shi da safe, lokacin da kowa ke gona. Laifin tsarinmu ne. Yanzu zai riƙa gudana daga Nuwamba zuwa Afrilu. Kwamiti na ganin wannan shi ne gaba da kome, ko da gini zai jira, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bishara

An amince ikilisiya ta ɗauki nauyin mai bishara guda ta hannun EMS, reshen mishan na ɗarikarmu ta ECWA. Sharaɗin da aka kafa shi ne kuɗin ya fita a makon farko na kowane wata, kafin a taɓa wata hidima. Alkawarin da ake cikawa sai in an sami rara, iyalin ma'aikaci ne ke kwana da yunwa a kansa.

Fili da gini

Filin da majami'a ke kai kyauta ce ta baki, tun zamanin iyaye, babu takarda. Masu bayarwa sun rasu, magada kuma suna ƙaruwa. Ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, maganar baki kuwa ba ta da nauyin takarda ranar da gardama ta tashi. An rubuta yarjejeniyar kyauta, magada sun sa hannu a gaban mai unguwa da hakimi, safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka a kusurwa 4. Abin da ya rage shi ne takardar shaidar mallaka, kuma za a nema da sunan amintattun ECWA masu rajista, ta hanyar majalisun ECWA na yanki (LCC) da na gunduma (DCC). Kada ta fito da sunan fasto ko dattijo: fasto ana canza masa wurin aiki, dattijo kuma yana da magada.

A wajen bulo an yi asara, ya kamata ku ji dalili. Tashin farko an fitar da bulo fiye da ƙima daga kowane buhun siminti, aka haɗa da yashi mai laka, aka buga cikin zafin Maris, ba a kuma sa wanda zai ba shi ruwa ba. Da aka zo ɗauka sai bakinsa ya riƙa marmashewa a hannu kamar ƙuli-ƙuli. Ƙa'idar da aka tsayar: bulo mai inci 9 kada ya wuce 30 a buhu mai kilo 50, yashi mai kaifi na rafi, ban ruwa safe da yamma har kwana 7, sunan mai ban ruwan kowace rana a rubuce a allo. Za a gina aji 2 kawai, a rufa su kafin ruwan farko. Ubangiji da kansa ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28), shi ya sa aka ƙi aza harsashin aji 6 da za su tsaya a linta shekara da shekaru.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kasafin da aka yi da naira ba ya kai ƙarshen shekara da darajarsa. Don haka alkawarin gini yanzu da buhun siminti ko bandir na kwano ake yin sa. Wanda ya kawo kuɗi, a sayi kayan a makon. Amma siminti ba ya son dogon ajiya, danshi na sa ya daskare, sai a saye shi daidai da aikin da ke gaba.

Baikon kaka da asusu

Hatsin godiyar kaka da aka jibge a ƙasa cikin buhunan gama-gari ƙwari sun ci rabonsu. Bana Zumuntar Mata ta karɓi aikin. Ana shanya masara da wake har sai an ciza sun yi ƙas, a zuba a buhun PICS mai leda 2 a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako nesa da bango. Ɓera ya huda leda, aiki ya ɓaci, don haka ana dubawa kowane mako. Za a ware kason gwauraye da marayu tukuna, sauran a sayar tsakanin Yuli da Agusta, lokacin da hatsi ke tsada.

An buɗe wa waɗannan ayyuka asusun banki na daban, masu sa hannu 3, ba a fitar da ko sisi sai 2 sun sa. Mai turo kuɗi ta waya ya rubuta ko na gini ne ko na bishara, domin an sha wahalar rarrabe waɗanda suka zo ba bayani.

Kowane buri yanzu yana da mai riƙe da shi, da kuɗinsa, da ranar da za a tambaye shi. Bayan kowane wata 3 za a karanta ci gaban aiki a sujadar Hausa da ta Turanci. Ana neman ƙarin malamai 4 na ajin Asabar, musamman maza, domin har yanzu mata ne kaɗai suka ba da suna. Mai niyya ya ga sakataren ikilisiya kafin Lahadi ta biyu ta watan Janairu.