Takardar da ke jikin bango

Buruklin, Amurka

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Nan sanyi ya fara shigowa, amma alhamdulillahi.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai. Tsohuwar da nake jinya Bayahudiya ce, mijinta ya rasu. A bangon ɗakinta akwai wata takarda cikin gilashi, an kewaye ta da zanen furanni, tawadar har ta koɗe. Ina goge ƙura sai ta ce in bi a hankali, takardar aurenta ce. Ketuba suke ce mata. Kin ji kamar kitabu na Larabci ko? Tushensu ɗaya, wato rubutu. Da harshen Aramiya aka rubuta, daga dama zuwa hagu kamar ajami.

Ta sa na sauko da ita, tana bin layi da yatsa tana faɗa mini. Miji ne ke ɗaukar alkawari: ci, sutura da haƙƙin kwana. Sannan ga kuɗin azurfa, zuz 200 ga budurwa, 100 ga bazawara. Wannan bashi ne a wuyansa, ranar da ya sake ta ko ya mutu za a fitar mata daga dukiyarsa. Malamansu na dā sun ce an yi haka ne don kada saki ya zame masa abu mai sauƙi. Shaidu biyu da ba dangin ango ko amarya ba ke sa hannu, a karanta a gaban jama'a ƙarƙashin rumfar biki, a damƙa wa amarya. In ta ɓace, sai an rubuta wata kafin su ci gaba da zama tare.

Yaya, nan take na tuna ranar da kika dawo gida da goyo da ƙullin kaya, aka musanta ragowar sadakinki, wanda ya shaida kuma ya riga mu gidan gaskiya. Sai da na kewaya na yi kuka.

Tunda bikin Auta ya matso, don Allah ki yi wa Kawu magana. A rubuta sadakin, abin da aka biya da abin da ya rage, shaidu su sa hannu, takardar ta zauna a hannunta. In ya ce baƙon abu ne, ki tuna masa ayar bashi ta Suratul Baƙara, wadda ta ce a rubuta.

Kuɗin gado da katifa zan turo ƙarshen wata in sha Allahu. Ki gaida Inna da yara.

Taki ƙanwa