Malaman asibiti, ku ma fa jikinku na da haƙƙi a kanku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da ƙannena da 'ya'yana ma'aikatan lafiya na jiharmu ta Katsina. Ni tsohuwar nas ce na yi ritaya, kuma abin da nake gani in na shiga asibiti dubiya wallahi yana tada mani hankali.

Da Agusta ta kama zazzaɓin cizon sauro ya taso shikenan ɗakin yara ya cika maƙil, gado ɗaya yara biyu, ga masu tamowa da ake kawowa daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana noma, sai ka tarar nas ɗaya ke ta zagaye duk dare, ta sa ma wannan ruwa, ta nemi jijiyar wancan da fitilar waya don an ɗauke wuta, har a kira asuba ba ta zauna ba. Abincinta lemon kwalba da biskit a tsaye, in kai ya sara ta watsa fanadol biyu ta ci gaba. Ta koma gida ga girki ga yara, barcin sai dai a sata. Kuma ita ce fa ke auna ma mutane jini tana yi masu faɗa kan gishiri da magi, amma ka tambaye ta yaushe rabon da ta ɗaura abin awon nan a nata hannun, sai ta yi shiru.

Na san ba son ranku ba ne. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinshi ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar, to waɗanda suka rage su ke ɗaukar aikin waɗanda suka tafi. Amma duk da haka akwai abin da ke hannunku. Rigakafin ciwon hanta allura uku ce, da yawanku ɗaya kuka yi kuka manta da sauran, alhali kullum hannunku cikin jini. In allurar mara lafiya ta soke ka kar ka matse wurin ka yi shiru don kunya, ka faɗa nan take, maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki cikin awa 72 ake fara shi. Hutun shekara kuma a yi shi hutu, na san albashi bai isa shi ya sa ake zarcewa asibitin kuɗi ko kemis, to ko sati ɗaya ne a ware a yi barci.

Wanda ya fi damuna shi ne na zuci. Yaro ya cika a hannunka, uwa na kuka, ka ce kwana ya ƙare ka wuce gado na gaba, gaskiya ne kwanan ne ya ƙare, amma abin yana taruwa a ƙirji, daga nan sai saurin fushi, sai rashin barci, wasu har su fara yi ma kansu allurar kashe zafi a ɓoye tunda makullin magani na hannunsu. Don Allah ku riƙa faɗa ma wani, abokin aiki ko babba da kuka yarda da shi, in ta kama a ga likitan ƙwaƙwalwa a gan shi, ba hauka ba ne. Manzon Allah (SAW) ya ce ma Abdullahi ɗan Amru jikinka yana da haƙƙi a kanka, kuma a kan yawan azumi da tsayuwar dare ne ya faɗa mashi, balle aikin asibiti.

Mu kuma masu jinya mu rage yi masu tsawa. Hukumomi su ɗauki ƙarin ma'aikata, su ware ɗan ɗaki mai katifa da ruwan sha ga masu aikin dare, kuma duk wanda ya kwana a bakin aiki a sallame shi da safe ya tafi gida, kar a ce ya tsaya ya duba layin masu kati.

Wassalam,
Wata tsohuwar nas, Daura