Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan gonar mahaifinsu

Assalamu alaikum 'yar'uwa,

Tunda a bainar jama'a kika yi tambayar, a nan zan amsa miki. Kin ce mahaifinku da ƙanensa gona ɗaya suka noma tare, ba takarda ba shaidar komai. Bayan rasuwar mahaifin naku yayanku ya ci gaba da noman, yanzu kuma ana ce muku ku mata ku haƙura, wai rabo zai kashe gonar. Kina so ki san ko neman haƙƙinki yanke zumunci ne.

A'a, ba yanke zumunci ba ne. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta ba mata rabo cikin abin da iyaye suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, kuma ba ta cire ƙasa ba.

Sai dai kada ku yi gaggawar lissafin rabo, don a nan yawancin rigimar take farawa. Ku fara tantance abin da mahaifinku ya mallaka. Kason baffanku a gonar ba gado ba ne. Haka shanun huɗa, garma, injin ban-ruwa da hatsin da ke rumbu: wa ya saya, da kuɗin wa? Ku nemi dattawan da suka san yadda aka haɗa hannun tun suna raye. Daga nan a biya bashi, a fitar da wasiyya idan akwai, ba ta wuce kashi 1 cikin 3. Matar mamacin da ya bar 'ya'ya tana da 1 cikin 8, namiji kuma yana da rabon mata biyu.

Yayanku ma yana da haƙƙi, ina roƙonki ki gan shi. Idan da aljihunsa ya haƙa rijiya ko ya dasa itatuwa, a ƙiyasta a biya shi. Amma daɗewa yana noma ba ta mayar da gonar tasa.

Ba dole a yanka gonar gunduwa-gunduwa ba. A rubuta kason kowa, mai noma ya riƙa biyan haya ko a raba amfani. Mai son sayarwa kuma, abokan tarayyarsa ne suka fi cancantar saye, shi ne shuf'a.

Jinkiri ne abin da nake jiye muku. Magaji ɗaya ya rasu, kasonsa ya koma kan nasa magadan, lissafi ya ƙara cuɗewa. Ku zauna da masanin rabon gado kafin damina ta faɗi. Idan aka ƙi zama, ki je gaban alƙali.

Allah Ya jiƙan mahaifinku. Wassalam.