Kwana 14 ne, ba 28 ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan abin da ya samu ɗan yayata a Ingila. Yaranmu na Zariya, musamman masu aikin jinya, kowa ya ɗaura ɗamarar fita, amma abin da yawancinsu suka sani game da ƙarewar biza bai wuce abin da ɗan kamasho ya faɗa musu ba.

Yaron ya tafi a 2023 da bizar aikin kula da tsofaffi. Gonar mahaifinsa ta hanyar Giwa aka sayar aka haɗa masa kuɗin tafiya. Bai cika shekara biyu ba hukuma ta soke lasisin kamfanin da ya ɗauke shi, aka rage masa wa'adi zuwa kwana 60: ko ya samu wani mai ɗaukar nauyinsa, ko ya tattara nasa ya nasa. Allah ya sa ya samu, sai dai takardar ɗaukar nauyin ta yi nawa. Mutumin da ya yi masa hanya tun daga nan gida ya ce ya kwantar da hankalinsa, wai akwai rangwamen kwana 28 bayan biza ta mutu. Saƙon muryar yana nan a wayar Yaya, sau uku na saurare shi da kunnena.

Ashe wannan rangwamen tun watan Nuwamba na 2016 Birtaniya ta soke shi. Abin da ya saura kwana 14 ne, shi ma ba haka kawai ake ba da shi ba. Sai mutum ya kawo uzurin da ya fi ƙarfinsa, kamar kwanciya asibiti ba shiri ko rasuwar na jiki, ya haɗa da shaida. Mantuwa ba uzuri ba ce a wurinsu. Shi kuwa sai a rana ta 19 ya shigar da buƙatarsa.

Ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya nemi sabuntawa kafin wa'adinsa ya cika, ko da saura kwana ɗaya ne, sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 ya rufa masa asiri: izininsa na nan daram har a yanke hukunci. Wanda ya makara kuwa ba shi da wannan inuwar. Babu damar aiki, kuma kwanakin zaman da ba izini suna ta ƙirguwa yana zaune yana jiran amsa. Idan suka haura 30, ko da kuɗinsa ya sayi tikiti ya dawo, shekara guda ba zai sake shiga ƙasar ba. Haka aka yi wa namu: an ƙi buƙatar, kuɗin nema ya bi ruwa, ga takunkumi.

Ban wanke yaron ba, mai karatu ne, ya kamata ya duba da kansa. Amma wanda ya karɓi miliyoyi yana raba tsohuwar doka fa? Har yau ofishinsa a buɗe yake.

Roƙona, Malam Edita, ku samo lauyan da ya san harkar nan ya yi wa jama'a bayani da Hausa, dalla-dalla. Yaron dai yana nan Tudun Wada yana taya wani abokinsa tsaron kemis, Yaya kuma ta hana a ambaci gonar a gabanta.

Taku mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya