Amsa ga Malamin da ya ce mun kasa gyara haruffa huɗu

Assalamu alaikum Malam,

Ka tambaye ni a bainar jama'a yadda aka yi masu sa-kai da ke kula da manhajar ƙamus ɗinmu suka kasa gyara ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, alhali a kwamfutarka komai lafiya lau. Ka ce ko dai lalaci ne ko rashin sanin aiki. Kalmar lalacin nan ce ta ƙona mini rai, ita zan amsa.

Lafiyar da kake gani a kwamfutarka ita kanta alamar ciwon ce. Kai kwamfutarka tana kan tsarin Linux, masu kuka kuwa suna kan Windows. Tsarin UTF-8, wato hanyar mayar da haruffa lambobin da kwamfuta ke ajiyewa (ana kiran kowace lamba bayit), yana ajiye harafin ƙ da bayit biyu, C6 da 99. Idan manhajar da aka rubuta da Python, wani harshen rubuta manhaja, ta buɗe fayil ba a faɗa mata tsarin rubutunsa ba, a Linux da macOS takan karanta shi da UTF-8, a wuce lafiya. A Windows ɗin da aka saita da Ingilishi ko Faransanci kuwa, sai ta ɗauki wani tsarin daban mai suna Windows-1252, ta karanta kowane bayit shi kaɗai. Nan take "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗan" ya koma "É—an", kuma manhajar ba za ta ce uffan ba. Babban Ɓ ne kaɗai cikin haruffan ke kayar da ita, domin bayit ɗinsa na biyu, 81, ba shi da gurbi a Windows-1252. Shi ya sa wani zai ce manhaja ta mutu, wani ya ce rubutu ne ya dagule, na uku ya ce bai ga komai ba. Kafin a gane cewa uwarsu ɗaya, sai da mutane suka zauna suna kwatanta fayil da fayil, bayit bayan bayit. Wannan kake kira lalaci?

Gyaran farko shi ne a bi duk inda manhaja ke buɗe fayil a rubuta encoding="utf-8". Sai kuma Excel, manhajar tebur, ya fito da tasa: idan aka danna fayil ɗin CSV, wato tebur da aka ajiye a matsayin rubutu zalla, sau da yawa ba ya gane UTF-8 sai ya ga bayit uku, EF BB BF, a farkonsa. Ka saka su don Excel, sai su manne wa sunan ginshiƙin farko na tebur a wurin duk mai karantawa da UTF-8 zalla, manhaja ta neme shi ta rasa. Dole a karanta da utf-8-sig, wanda ke tsallake bayit ukun nan, a kuma sa gwaji ya riƙa gudana a Windows, Linux da macOS kafin a karɓi kowane sauyi. Su kansu masu Python sun kawo yanayin UTF-8 tun siga ta 3.7 a 2018, amma sai siga ta 3.15 suka amince ya zama shi ne na asali. Ko su ma za ka ce malalata ne?

Akwai sauran aiki a wajen bincike. A Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya 'y, kuma tun iOS 11 wayar iPhone ke sauya miƙaƙƙiyar alamar da ke gaban y ɗin da lanƙwasasshiya. Ido ba ya rabewa, kwamfuta tana rabewa, don haka mai neman "'yanci" ya dawo hannu rabbana. Maganinsa a mayar da dukkansu siffa ɗaya kafin a kwatanta.

Shawararka ta a zubar da ƙugiyoyin haruffan ba zan tsaya a kanta ba. Ƙamus muke yi.

Abin da ya fi damuna, Malam, ba ka taɓa aiko rahoton tangarɗa ko ɗaya ba, sai ka zaɓi fagen da za a tafa maka. Ba kai kaɗai ba ne: yawancin saƙonnin da ke zuwa "ba ya aiki" ne kawai, sai wanda ya taso daga aikin cin abincinsa ya kwana yana lalube. Idan da gaske gyaran kake so, aiko da sunan tsarin kwamfutar da matsalar ta bayyana a kanta da sigarsa, sigar Python, fayil mai layi biyar da ke ɗauke da babban Ɓ, da cikakken saƙon kuskuren a rubuce, ba hoton allo ba.

Wassalam.